Kafin Ka Haƙa Harsashi a Kutama: Matakan Bin Sawun Kuɗin Gini

Ka bi hanyar Gwarzo tun daga Kabuga, ka wuce Janguza da Rimin Gado har ka shiga ƙasar Kabo da Gwarzo, ka riƙa ƙirga kangwaye. Wani ya tsaya a linta, wani an ɗora katako ba kwano, wani kuma ciyawa ta cinye harsashinsa. In ka tambayi mai kango, zai ce magini ne ya cuce shi. Magini zai ce kuɗin ba su taɓa isowa hannunsa ba. Ƙanen da aka damƙa wa aikin kuwa zai ce an kashe su a ofis wajen neman takarda. Kowa da gaskiyarsa a baki, babu mai ita a rubuce.

Wannan bayani na mutum uku ne: wanda zai gina gida ko shaguna a Kutama da kewayenta, da ɗan garin da ke neman kuɗi a Legas ko Abuja ko Saudiyya yana turowa gida a yi masa gini, da wanda wani kamfani ya tallata wa fuloti ko gida a gefen birni a kan zai riƙa biya kaɗan-kaɗan. Dukkansu abu guda za su sa wa ido, wato suna uku su dace da juna: sunan da ke kan takardar fili, da sunan da ke kan izinin gini, da sunan da ke kan asusun da kuɗi ke shiga. Duk inda ɗaya ya saɓa wa sauran ba tare da rubutaccen dalili ba, nan kuɗinka za su zurare.

Mataki na farko: gano wace hukuma ce ke da iko da filin

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, sannan ta raba ta gida biyu. Yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni, shi ke ba da takardar mallaka a cikinsa. Abin da ke wajen wannan, ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙin mallaka na gargajiya. Kutama mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Gwarzo, don haka ƙofar farko da za ka ƙwanƙwasa ita ce sakatariyar Gwarzo, wajen jami'in filaye da sashen ayyuka. In filin ya faɗa ƙasar Kabo, sakatariyar Kabo za ka nufa. Tambayarka ɗaya ce: wannan wuri yana hannun ƙaramar hukuma ne, ko yana cikin yankin da Ma'aikatar Ƙasa ta jiha da hukumar tsara birane ta KNUPDA ke kula da shi? Kada ka wadatu da amsar baki. Rubuta wasiƙa, a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka.

Dalilin wannan wahala shi ne, mutane da yawa sun biya kuɗin izini a inda ba a da ikon ba su, daga baya wata hukumar ta zo da jan fenti.

Wanda filinsa ke bakin babbar hanyar Kano zuwa Gwarzo zuwa Dayi yana da ƙarin aiki, domin hanyar ta tarayya ce. A hanyoyin tarayya, kimanin mita 45 daga tsakiyar titi ta kowane gefe haƙƙin hanya ne. Dillali zai ce maka ai kowa ya gina. Ranar da aka zo faɗaɗa titi, dillalin ba ya nan. Haka nan ka duba wayar wuta mai ƙarfi, da magudanar ruwa, da burtali. Na ƙarshen nan a ƙauye ya fi kowanne jawo rigima.

Mataki na biyu: bi asalin filin, ka bi kuɗin cinikinsa

Galibin fulotan da ake sayarwa a garuruwanmu awon igiya ne. Mai gona ya kira dillalai, aka ja igiya, aka yanka hamsin-hamsin ko hamsin da ɗari, aka bar lungu wanda amalanke ma sai da dabara. Gwamnatin Kano ta sha yin gargaɗi a kan irin wannan yanka, amma ba a fasa ba, saboda talaka ba shi da wata hanyar samun matsuguni da ta fi ta sauƙi. Ba zan ce kada ka saya ba. Abin da zan ce shi ne ka san me ka saya: takardar da mai unguwa da dagaci suka sa wa hannu shaida ce cewa an yi ciniki, ba ita ce takardar mallaka ta hukuma ba, kuma ba izinin gini ba ce.

Fara da tambayar yadda mai sayarwa ya sami filin. In gado ne, nemi takardar rabon gado daga kotun shari'a, ko kuwa dukkan magada su sa hannu, har da mata, har da wanda ke zaune a Kurmi. Rigimar da kan daɗe a kotu ita ce ta babban wa da ya sayar da gonar gado, ƙannensa mata suka ji labari bayan an yi dakali. In saye ya yi, ya nuna takardar wanda ya sayar masa. In yana da takardar gwamnati, kai lambarta Ma'aikatar Ƙasa ko ofishin KANGIS a Kano, ka biya kuɗin bincike, a gaya maka sunan wa ke cikin fayil, kuma ko an jinginar da filin a banki. Tun ƙarshen 2024 gwamnatin jiha ta shiga aikin sabunta takardun mallaka, saboda haka tsohuwar takarda a tambayi ko an sabunta ta.

Sai maganar kuɗi. A takardar ciniki a rubuta ainihin farashin da aka biya, da lamba da kuma kalmomi. Akwai al'adar rage farashi a takarda don a rage abin da za a biya hukuma. Wannan dabara kai take cuta, domin in cinikin ya warware, abin da ke rubuce shi alƙali zai ce a mayar maka. La'adar dillali a rubuta ta daban, a faɗi wanda zai biya. Abin da aka ba masu unguwa da shaidu shi ma ya shiga littafinka. Kuɗin filin kuwa su tafi ta banki zuwa asusun mai filin da sunansa, ba asusun dillali ba, ba na mai POS na bakin kasuwa ba. A wajen rubuta dalilin turawa, sa “kuɗin fuloti” da wurin da yake.

Kada ka manta dokar 1978 ta ce canjin hannu yana buƙatar amincewar hukuma: ta gwamna in takardar tasa ce, ta ƙaramar hukuma in ta gargajiya ce. Daga nan ka ɗauko safiyo mai rajista ya auna, ya kafa duwatsun iyaka, ya ba ka taswira.

Mataki na uku: tona asalin kamfani ko ɗan kwangila

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa, musamman in kamfani ne ya zo maka da hoton gidaje masu kyau a waya da alkawarin biya cikin wata 24.

Karɓi cikakken sunan kamfanin da lambar rajistarsa, ka shiga shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Binciken farko kyauta ne, da wayar hannu ake yi. Za ka ga ranar da aka yi masa rajista da adireshinsa, da kuma ko yana raye a wajen hukuma ko an rubuta shi cikin waɗanda ba sa aiki saboda rashin kai rahoton shekara. Kamfanin da ya ce ya shekara goma yana gina gidaje amma rajistarsa ta bara ce, ka riga ka sami amsa. Lura kuma da bambancin sunan kasuwanci mai lambar BN da kamfani mai lambar RC. A na farko, mai shi ne da kansa ke ɗauke da bashi, har dukiyarsa ta gida. A na biyu, kamfanin mutum ne mai zaman kansa a idon doka, in ya karye ba lalle ka iya bin mai shi gida ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda a kafa ƙaramin kamfani da jarin hannun jari na naira 100,000 kacal. Kamfani mai irin wannan jari yana iya tara miliyoyin mutane a hannunsa, kuma babu laifin da ya yi a nan. Kai ne za ka yi wa kanka lissafi.

Dokar ta 2020 ta kuma wajabta wa kamfanoni bayyana mutanen da ke da ainihin iko da su, kuma ma'aunin ya fara daga kashi 5 cikin 100 na hannun jari. A watan Mayun 2023 aka buɗe rajistar waɗannan mutane ga kowa. Amfaninta gare ka a fili yake. Wanda ke zaune a ofis yana yi maka murmushi wataƙila yaron gida ne kawai. Ka san sunan mai abin, ka tambayi mutane wane ne shi, ka ji ko ya taɓa barin wasu da kango a wani suna.

Abu na gaba shi ne takardar SCUML. Wannan sashe ne a ƙarƙashin EFCC, kuma dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta sa masu gina gidaje don sayarwa da dillalan gidaje da kamfanonin gine-gine cikin waɗanda dole su yi rajista da shi, su san abokin cinikinsu, su kai rahoton manyan kuɗi. Dokar nan ta hana biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 ga mutum, ko miliyan 10 ga kamfani, sai ta hanyar banki, ta kuma hana a gutsuttsura biya da gangan don a kauce wa wannan iyaka. Ba a banza aka tsananta ba. Gini da filaye sun daɗe da zama maɓoyar kuɗin sata, kuma raunin sa ido a kan irin waɗannan harkoki na cikin abin da ya sa hukumar FATF ta duniya ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da ake sa wa ido a Fabrairun 2023, ba ta cire ta ba sai Oktoban 2025. Saboda haka in kamfani ya tambaye ka lambar NIN da hanyar samunka, ba raini ba ne. Wanda ya kamata ka ji tsoro shi ne mai cewa, “Alhaji, kawo su a jaka kawai, za mu rage maka.”

Daga nan ka nemi ganin abu uku da idonka: takardar mallakar filin da za a yi gidajen, da taswirar yanka da hukuma ta amince da ita, da izinin gini. Duba sunan da ke kansu. In filin na wani ne kamfani ya shiga haɗin gwiwa da shi, a nuna maka yarjejeniyar, domin ranar da suka ɓata, kai ne a tsakiya. Tambayi ko an ci bashin banki da filin. Sannan asusun da za ka biya ya zama mai sunan kamfanin daidai da yadda yake a CAC, ba na manaja ba, ba na matar shugaba ba.

In maginin gari ne za ka ba jinga, ba shi da CAC ba shi da SCUML, kuma ba a buƙatar su a wajensa. Rajistarsa ita ce gine-ginen da ya gama. Je ka ga biyu ko uku, ka keɓe da masu su, ka tambaye su nawa aka ce da farko, nawa aka ƙare a kai.

Mataki na huɗu: zane da ƙididdiga kafin siminti

Ɗaki biyu da zaure ba sa buƙatar taron ƙwararru. Amma da zarar za a yi dakin, ko bene, ko jerin shaguna da jama'a za su riƙa shiga, to sai da zanen mai zanen gini da lissafin injiniya, kowanne da hatiminsa. Masu zane suna rajista da ARCON, injiniyoyi da COREN, magina masu ilimin aikin da CORBON. Karɓi lambar mutum ka tabbatar, domin hayar hatimi sana'a ce a gari. Benen da ya rufta a titin Beirut a Kano a watan Agustan 2022 ana cikin gina shi, da mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamban 2021 ya kashe mutum fiye da 40, sun isa su sa mutum ya daina ganin lissafin rodi a matsayin ɓarnar kuɗi.

Daga zanen ake fitar da takardar ƙididdigar kaya: bulo nawa, inci tara ko inci shida, siminti buhu nawa, rodi mai lamba 12 nawa, mai 16 nawa, yashi da tsakuwa tifa nawa, kwano bandir nawa kuma mai wane kauri, ladan aiki nawa. Wannan takarda ita ce madubin aikin gaba ɗaya. Kai ma kana iya gwada ta: bulo kusan 10 ne ke cika murabba'in mita ɗaya na bango, sandar rodi kuwa mita 12 ce. Wanda ya san waɗannan biyu da wuya a ninka masa lissafi. A sa kwanan wata a kan kowane farashi, saboda kuɗin siminti ba ya kwana wuri ɗaya.

Mataki na biyar: izinin gini, da yadda ake biyan hukuma

Abin da ake nema a wajen neman izini bai cika wuce waɗannan ba: shaidar mallakar fili, taswirar safiyo, zanen gini da na injiniya, shaidar biyan haraji, da hoton mai nema. Ka kai da kanka ko ta hannun mai zanenka, ka karɓi lambar fayil. Jami'ai za su zo su ga wurin, sannan a yanka maka kuɗi gwargwadon girman ginin da wurin da yake da abin da za a yi da shi, domin na kasuwanci ya fi na zama tsada. Gidan mai kuwa sai an haɗa da lasisin hukumar man fetur ta tarayya.

Ga ƙa'idar da ba a sassauta ta. Kada ka biya ko sisi sai an ba ka takardar yankan kuɗi mai ɗauke da sunanka da lambar fayil da adadi. Ka biya a banki ko ta hanyar biyan da hukuma ta tanada, zuwa asusu mai sunan gwamnati. Ka koma da shaidar banki a ba ka rasit na hukuma. Ka tabbata adadin da ke kan takardun nan uku ɗaya ne. A ƙaramar hukuma, rasit mai lamba na baitulmali za ka karɓa, ba yagaggiyar takarda mai sa hannun wani ba. Duk wanda ya ce ka tura asusunsa zai shigar maka, ko da gaskiya yake nufi, ya raba sunanka da kuɗinka.

Na san abin da za a ce: in ba ka ba da na goro ba, fayil zai yi barci. Wani lokacin haka ne. Amma ka lura, mai karɓar na goro ya fi son wanda takardunsa ba su cika ba, domin shi ne ba shi da bakin magana. Wanda ya zo da komai a kammale, yana riƙe da kwafin da aka buga wa hatimin karɓa da kwanan wata, yana iya rubuta wa shugaban sashe ya tambayi inda aka kwana, kuma irin wannan wasiƙa tana tayar da fayil fiye da yadda ake zato.

In izini ya fito, karanta shi. Hawa nawa aka amince? Gida ne ko shago? Taku nawa za a bari daga titi? Wanda aka ba izinin gida ya mayar da shi shaguna, ko aka ba hawa ɗaya ya ɗora biyu, daidai yake da wanda ba shi da izini. Ajiye kwafi a wurin aiki.

Akwai darasi a rusau ɗin da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta yi a birnin Kano a watan Yunin 2023, inda katafila ta bi ta kan gine-ginen tsohon otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi da wasu wurare. Gwamnati ta ce filayen jama'a ne da aka raba ba bisa ƙa'ida ba. Masu shagunan Filin Idi suka tafi Babbar Kotun Tarayya da takardunsu, a watan Satumba kotu ta ce a biya su diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Takarda ba ta tare katafila ba, amma ita ta ba su ƙafar tsayawa a gaban alƙali. Ɗaya gefen darasin kuma, sa hannun jami'in yau ba ya wanke tarihin fili. In wurin asalinsa filin makaranta ne ko maƙabarta ko filin idi ko kasuwa, ka bar shi ko da an haɗa maka da hatimi goma. A Kutama ba ka buƙatar fayil kafin ka san wannan, dattawan unguwa sun sani.

Rasit yana da wani amfanin da ba a cika tunawa ba. In gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, dokar 1978 ta ɗora diyya ne a kan abin da aka kashe a kansa, kamar gini da amfanin gona, ba a kan ƙasar kanta ba.

Mataki na shida: yarjejeniya, da biya daki-daki

Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Malaman fiƙihu kuma sun daɗe da sanin cinikin abin da za a ƙera nan gaba, wanda suke kira istisna'i, suka shardanta a fayyace siffarsa da farashinsa. Don haka wanda ya ce rubutu rashin yarda ne, a tuna masa da wannan cikin ladabi.

Yarjejeniyar ta ƙunshi sunayen ɓangarori, da wurin aiki, da jimillar kuɗi, da takardar ƙididdiga a manne, da wanda zai sayi kaya. A faɗi ranar farawa da ta gamawa. A faɗi abin da za a yi in farashin kaya ya tashi, domin nan ne yawancin faɗa ke farawa: shin ɗan kwangila ne zai ɗauka, ko za a sake lissafi bisa rasit? Duk wani canji, ko taga ɗaya ce aka ƙara, a rubuta kuɗinsa kafin a yi.

Kafin alƙalami kada ya wuce abin da zai kai aiki matakin farko. Sauran a ɗaure shi da abin da ido zai gani: in an gama harsashi, in an kai linta, in an rufa, in an yi filasta da wuta da famfo. Ba a biyan mataki sai an je an duba na baya. A riƙe kashi 5 cikin 100 har wata shida bayan miƙa makulli. A ƙasarmu ma gara a ce har damina ɗaya ta wuce a kan rufin, domin a watan Agusta ake sanin kafintan kirki.

Mai sayen gida a hannun kamfani ya ƙara da waɗannan: lambar gidan ko fulotin a kan taswira, ranar miƙawa, abin da za a mayar masa in kamfani ya saɓa da kuma cikin kwana nawa, da wanda zai biya kuɗin canja suna da na titi da magudana da taransifoma. Waɗannan ƙananan kuɗaɗe da ake ɓoyewa sai an zo karɓar makulli sukan taru su yi nauyi. Lauya ya karanta kafin ka sa hannu, kuma ya zama naka, ba na kamfani ba. A kai takardar a biya mata harajin hatimi, don kada a yi maka gardamar karɓarta a kotu.

Mataki na bakwai: in ɗan'uwa ne wakilinka

Wannan ya fi kowanne wuya, don ba doka ce ke aiki a nan ba, kunya ce. Kana Legas, yayanka ko ƙanenka na Kutama, kuma tambayar rasit kamar zargi ce. Maganinta a fara tun ranar farko, kafin wani abu ya faru. Ka ce, “Yaya, ga littafi, duk abin da ya shiga da wanda ya fita a rubuta, don ko bayan raina yara su san inda aka tsaya.” Ka yanka masa ladan wahalarsa a fili. Wakilin da ba a ba shi komai ba, ga mai a babur, ga yini a rana, shi ne ke fara cire nasa daga kuɗin yashi, kuma a ransa ba sata yake yi ba.

Buɗe asusu daban na ginin kaɗai. Manyan kaya ka biya mai shago kai tsaye. Kowace Juma'a a turo maka hoton shafin littafin da hoton ginin daga kusurwa ɗaya, don ka ga sahun bulo na ƙaruwa. Kwamitin ginin masallaci ko Islamiyya ma haka: mutum biyu ko uku ke sa hannu a asusu, a liƙa lissafi a bango kowane wata.

Mataki na takwas: in abu ya lalace

Dakatar da biya nan take, ka rubuta wa ɗaya ɓangaren abin da kake ƙorafi a kai da wa'adin gyara. Fara da sulhu a gaban shaidun yarjejeniya ko dagaci ko hakimi, kuma abin da aka cimma a rubuta shi. In jami'in gwamnati ne ya karɓi kuɗi ba rasit ko ya danne fayil, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano. In kamfani ne ya tara kuɗin mutane ya ɓace ko ya sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu, wannan zamba ce, ta 'yan sanda da EFCC ce, kuma ƙorafin mutum goma a haɗe ya fi na mutum ɗaya saurin motsi. In bashi ne tsagwaronsa, tun 2019 Kano na da kotunan ƙananan basussuka da ba dole sai da lauya ba. In kuwa takarda kake so ka gani a wata hukuma, misali ko an taɓa ba wani gini izini, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar ta hau kan jihohi ma.

Duk inda za ka, tafi da kwafi, asalin takardu su zauna a gida. Jera su bisa kwanan wata: takardar ciniki, taswira, takardar yankan kuɗi, rasit, izini, yarjejeniya, sai bayanin asusu daga banki wanda ka ja layi a ƙarƙashin kowace turawa. A saman su ka ɗora shafi ɗaya mai nuna nawa ka biya, wa ka biya, yaushe, da abin da aka yi da wanda ba a yi ba.